Kurwar Endale a Ƙetaren Rafi

Ranar da matar Endale ta haihu, a ranar ya faɗa ƙasar Bama, maƙwabciyar ƙasar Sin, kuma da ka ya shiga.

Yana bakin rafi ne a filin shanyar gahawa, yana juya 'ya'yan da ke kan gadajen gora, sai wayarsa ta yi ƙara. Ƙanin matarsa ne, Aisam, yana ihu wai naƙuda ta tashi, an wuce da matar tasa Yukan asibiti, Dogo ya saki komai ya taho. Dogo kuwa shi ne Endale, mutumin Habasha, wanda wani kamfanin gahawa ya ɗauko shekarun baya don ya koya wa mutanen ƙauyenmu na Manlom yadda ake shanya. Ya gama koyarwa, ya ƙi tafiya, ya auri 'yar gari. To, ya ɗare babur ɗinsa mai ƙafa uku, ya murɗa da ƙarfinsa duka, ashe a giyar baya ya bar shi. Babur ya yi baya a guje, ya gangara, ya daki dutsen tsakiyar rafi, ya tsaya cak. Shi Endale bai tsaya ba. Ya tashi sama da duk tsawon nan nasa, ya dira cikin taɓon wancan gaɓar.

Rafin nan namu, in rani ya yi, kaza ma tana haye shi ba ta jiƙa cinya ba. Amma shi ne iyaka. Nan ƙasar Sin, can ƙasar Bama.

Buɗe idon da zai yi, sai ya ga wani ƙaton baƙin hanci dab da nasa. Ɓaunar noma ce, ta ƙanwar surukarsa da ke aure a can ƙetaren, tsohuwar ɓauna wadda yara ke barci a gadon bayanta. Ta yi masa huci a fuska, ta zaro harshe ta lashe shi tun daga haɓa har goshi. Ihun da Endale ya kurma, ƙasa biyu suka ji shi. Ya rarrafo ya faɗa ruwa, ya fito a gaɓarmu, ya bar takalmi ɗaya a ƙasar waje.

Haka ya isa asibiti, taɓo har cikin kunne, ƙafa ɗaya da takalmi. An riga an haihu, mace, lafiya lau. Ma'aikaciya ta naɗo jaririya cikin zane ta miƙo masa, ya ɗago hannu zai karɓa. Sai surukarsa, wadda yake kira Iya, ta shiga tsakani. Iya gajeruwa ce, kanta iyakarsa aljihun rigar Endale, amma ban taɓa ganin wanda ya tsallake maganarta ya ji daɗi ba. Ta ɗaga kai ta leƙa cikin idonsa, ta daɗe tana leƙe, kamar mai duba tulu.

"Babu kowa a ciki," in ji ta. Ta karɓe jaririyar.

Kowa ya san in mutum ya firgita sosai kurwarsa takan yi tsalle ta fice, ta zauna a inda abin ya faru tana zare ido, har sai an je an ɗauko ta. Kowa kuma ya san kurwar jariri ba ta gama zama ba. In fankon mutum ya ɗauke shi, sai ta ga fili ta zurare ciki, kamar ruwa ya samu gangare. Saboda haka Iya ta kafa doka: Dogo ba zai taɓa yarinya ba sai an dawo da abin da ya yar a Bama.

Da farko dariya ya yi. Ya ce shi fa ya yi makaranta, ga kuma gicciye a wuyansa, ba ruwansa da wannan. Iya ta ce ai ba ta hana shi gicciyensa ba, 'yar ce dai ba zai ɗauka ba.

Aka dawo gida. Yukan ta shiga ɗaki ta zauna gefen wuta kamar yadda masu jego ke yi, aka ba Endale izinin tsayawa a bakin ƙofa, nan ne iyakarsa. Shi ke faskare, shi ke yanka kaza, shi ke wankin ƙyallaye ya shanya a ƙarƙashin bene, inda kullum sai ya ƙume goshinsa da katakon rufi. In ya gama sai ya hau ya tsaya a bakin ƙofa yana miƙa wuya. Abin da yake gani bai wuce ɗan baƙin gashi da wata 'yar ƙafa da ke shure zane ba. Allah sarki, mutumin nan har ramewa ya yi.

Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne Aisam. Aisam tallan kankana yake yi a bayan babur, hannunsa kullum warin fetur, bai taɓa riƙe wani abu bai yar ba, amma shi an yarda ya ɗauka. Sai ya rungumo ta ya zo dab da ƙofa yana jijjiga ta.

"Yi shiru, 'yar kawu. Babanki ya yi tafiya ƙasar waje. Wannan dogon da kike gani, rigarsa ce ya bari."

"Aisam, zan karya ka."

"Da me? Ai ba kowa a ciki."

Iya kuwa kullum sai ta samu sabuwar shaida. Zakara ya yi cara a bayansa ya zabura, ta ce kun gani. Ya rage shinkafa a kwando, ta ce kun gani. Ranar da ta kama shi yana barbaɗa gishiri a cikin gahawarsa, har maƙwabta ta kira.

"Iya, haka muke sha a garinmu! Tun kakana!"

"Ayya," ta ce da maƙwabtan, murya ƙasa-ƙasa, "har ya fara ƙirƙiro wa kansa kakanni."

Ya kai ƙara wurin matarsa, daga bakin ƙofa, cikin raɗa. Yukan ta yi karatu, a kantin magani take aiki, ya tabbata za ta goyi bayansa.

"Ni ban ce akwai ba, ban ce babu ba," in ji ta. "Amma biyar ta haifa, biyar ta raya, kuma a gidanta muke. Sannan ni ma na ga yadda kake zama ka zuba wa bango ido. Ka san dai in wata ya cika za a ɗaura wa yarinya zare a sa mata suna, uba ne ke sauko da ita daga bene a gaban jama'a. Iya ta ce in har lokacin ba ka dawo ba, Aisam zai sauko da ita."

"Ban dawo ba? Ga ni a tsaye!"

"To, ka gaya mata."

Bai gaya mata ba. Ya kwana yana hango Aisam da warin fetur ɗinsa yana saukowa daga bene da 'yarsa, gari duk ana tafi. Da gari ya waye ya samu Iya tana tankaɗe, ya durƙusa, ya ce ya yarda, a je a ɗauko. In ka je gari ka tarar kowa da wutsiya, ai sai ka nemi taka ka liƙa.

Iya ta ce madalla, da ma mai kurwa ne ke raka mai ɗauko ta har inda ta faɗi, don ta gan shi ta gane gida.

Nan fa ake yin ta. Mu 'yan gari muna da ɗan littafin kan iyaka, da shi muke haye gadar gora mu je cin kasuwa ko biki mu dawo kafin shinkafa ta huce. Shi Endale baƙo ne daga wata ƙasa ta uku, gadar nan ba tasa ba ce. In aka kama shi a can, ko aka tabbatar ya taɓa zuwa, takardar zamansa ta tafi, sai jirgi. Ya sa rigarsa mai kyau ya tafi rumfar masu tsaron iyaka, wurin Kofur Duan, mutum mai sanyin hali wanda ke shan shayi daga kwalbar zuma. Ya yi ta kewaye-kewaye, har dai ya fito da ita: yana so ya haye na ɗan lokaci kaɗan, ya yi mantuwa a can.

Kofur ya rufe kwalbarsa a hankali. "Mantuwa. Ka taɓa hayewa ne?"

"A'a! Ko kusa."

"Na ji daɗi. Don ranar nan na ji wani ihu, na ce a raina biri ne. To in ba ka taɓa hayewa ba, me ka manta?"

Endale ya dubi ƙasa. "Wai kurwata."

"Ita da wace takarda ta haye?"

"Ranka ya daɗe, ni ma abin da nake ta faɗa musu ke nan."

Kofur bai yi dariya ba, don shi ma uwarsa ta taɓa fita kamun kurwarsa da homa yana yaro, lokacin da ya faɗo daga bishiyar mangwaro. Ya yi masa bayani tsakani da Allah. In yana son taka wancan gaɓar bisa doka, sai ya hau mota zuwa birnin Kunming, ya nemi biza, ya hau jirgi zuwa babban birnin Bama, ya biyo hanya ya nufo arewa, a hanya kuma za a tare shi a ce wannan yankin ba a barin baƙi. Suna maganar nan suna hango wurin ta taga, ga ɓaunar ma tana kiwo, ga sawun faɗuwarsa bai gama bushewa ba.

"Kurwa dai ba ta cikin aikina," in ji Kofur. "In ta zo wucewa ba zan tambaye ta komai ba. Amma kai, ƙafarka kada ta taɓa ruwan nan."

Da Iya ta ji, ta ce ba komai, shi ya tsaya a gaɓarmu inda za a riƙa hango shi, ai tsawonsa ya yi rana. Da la'asar ta ɗauki homarta ta kamun ƙananan kifi, ta sa rigar Endale a ciki, da curin shinkafa mai danƙo, da dafaffen ƙwai, da ayaba, ta nuna littafinta a gada ta haye. Mutanen gaɓa biyu suka fito kallo, wasu har da kujerunsu. Ta tsuguna a wurin, ta shiga jan homa a kan ciyawa, tana kira da wata murya mai taushi wadda Endale bai taɓa sanin tana da ita ba.

"Zo, kurwa, zo. Kada ki zauna a rana, kada ki kwana a raɓa. Ga shinkafa, ga ƙwai. Ga tabarma an shimfiɗa miki. Zo, 'yar lele, zo gida."

Ta ƙudundune rigar da sauri, ta rungume, ta hayo ba ta waiwaya ba. A gida aka zaunar da Endale, aka sa masa rigar, aka kawo faranti, Iya ta ɗauki ɗanyen ƙwai ta kafa shi a tsaye. In ya tsaya, kurwa ta shigo. Ta sake shi. Ƙwai ya yi lilo ya kwanta, ya gangara ya faɗa cinyar Aisam.

Washegari aka sake, da ayaba mafi nuna. Ƙwai ya kwanta. Aka bar kwana biyu aka koma, wannan karon har da soyayyen kifi. Ƙwai ya kwanta.

Gari ya ɗauka. A kasuwa mai tattasai ta ce kurwar ta ji daɗin zaman can ne, abinci ya fi araha. Aisam ya ce shi a ganinsa ɓaunar ce ta lashe ta, a jira a ga abin da zai fito. Ƙanwar Iya ta aiko daga ƙetare cewa kwana biyun nan kajinta ba sa yarda su bi ta wurin, lalle tana nan. Tsofaffin da ke zama a inuwar ɗakin ibada suka riƙa gaishe shi da "Dogo, an samu labari?" kamar wanda akuyarsa ta ɓata. Shi kuwa wata na ta tafiya, har an fara sayo zaren biki.

Ana cin abinci wata rana sai Iya ta ajiye curin shinkafarta, ta dafe ƙirji.

"Kai, ni ma dai! Ashe ni ce sakarya. Kurwar ba ta jin yarenmu!"

Kowa ya juyo yana kallon ta.

"Shi kansa da jikinsa da kunnuwansa, sai da ya shekara biyu a garin nan kafin ya iya cewa a miƙo masa gishiri. Ina ga kurwa, wadda ba ta zuwa kasuwa? Ina ta lallashi, ita kuwa tana zaune tana kallona kamar rediyo. Gobe kai za ka kira abarka da bakinka."

Haka aka yi. Iya ta haye da homa, Endale ya tsaya a gaɓarmu, jama'a sun fi na kullum. Ya gyara murya. Mutum ne mai kunya, ga shi bai taɓa magana da kurwarsa ba, bai san ta inda ake farawa ba. Ya haɗa hannu a baya, ya yi ɗan jawabi da harshen garinsu, a hankali, kamar mai neman alfarma a ofis: in ba damuwa, in ta samu sarari, ana bukatarta a gida. Daga can ƙetare Iya ta miƙe ta riƙe ƙugu.

"Wannan ko ni ce ba zan zo ba!" ta ƙwala masa. Ba ta ma wahalar da ƙwai ba ranar.

Da suka koma gida ta zaunar da shi a matakalar bene, ta zauna a ta sama don su yi daidai.

"Da kana yaro, in ka tafi yawo rana ta faɗi, wa ke kiran ka?"

"Tsohuwata."

"Tana da rai?"

"Tana nan."

"To me muke jira?"

Endale ya sosa ƙeya. Tsohuwarsa, Askale, tana can wani ƙauyen Habasha a bayan garin Jimma, mace ce da ba ta fashin coci, ba ta kuma fashin faɗa. Ya yi mata alkawarin shekara biyu zai yi ya dawo, ga shi an ninka an sake ninkawa. Ta san da auren, ta san da haihuwar, amma duk kiran da zai yi ƙarshensa ɗaya ne: yaushe za ka dawo gida? Shi kuwa kullum amsarsa, an kusa. Shi ya sa kiran ya yi ta ja baya. Yanzu kuma ya kira ta ya ce me? A zo a taya shi kamun kurwa da homa?

Ya kira dai, ta wayar 'yar yayarsa, mai nuna hoto. Fuskar tsohuwa ta cika gilashin, goshi da hanci kawai, don ba ta yarda waya ta yi nisa da ita. Ya yi bayani yana in-ina, yana jiran ta ce ya zama arne. Ta saurara har ƙarshe.

"Ɓauna ta lashe ka," in ji ta.

"E, Emaye." Haka suke kiran uwa.

"Kuma tsohuwar ta hana ka ɗaukar yarinya."

"E."

"Ta yi daidai. Ni da ganin idonka na san ba kai kaɗai ba ne, ko kuma ba ka cika ba. Kai da ma tun kana yaro ba ka san hanyar gida ba sai an nemo ka. Gobe ka kira ni. Kada dai Fadan cocinmu ya ji."

Ranar ta zo, saura kwana kaɗan biki. Endale ya hura gawayi a bakin rafi, ya ɗora kasko yana soya gahawa, ya zuba turare a wuta, don Iya ta ce a sa mata ƙanshin da ta saba. Hayaƙi ya bi iska ya haye iyaka. Aisam ya kawo lasifikarsa ta talla, ya ɗaure wayar a bakinta da roba. Kofur Duan ya zo ya tsaya ya juya wa rafi baya, ya ce shi tsuntsaye ya zo dubawa. Iya na can ƙetare a tsugune da homa. Aisam ya danna maɓalli.

"Kankana! Kankana mai zaƙi, a yanka a gani!" lasifika ta faɗa da muryar Aisam.

Gaɓa biyu suka kwashe da dariya. Iya ta nuna shi da homa daga ƙasar Bama, ya yi maza ya danna wani maɓallin. Aka ji ƙara, aka ji tari, sai muryar Askale ta fashe a kan rafin.

"Endaleee! Kai Endale, mai kunnen ƙashi! Rana ta faɗi, awaki sun shigo, jaki ma da yake jaki ya shigo, kai ne ka fi kowa harka a waje? Uban me kake yi a gonar mutane? Ɓauna! Ɗan wanda ya kori kura da zabira, wai ɓauna ta lashe shi ya zube! Tashi ka kakkaɓe wandonka! In na ƙirga uku ban gan ka ba, wallahi da muciya zan fito!"

Ba wanda ya ji kalma ɗaya a cikin mutanen nan, amma kowa ya gane. Yaran da suka zo kallo, na nan da na can, suka fara sulalewa suna nufar gida. Wani ƙato da ke kan babur ya kashe sigarinsa ya ɓoye a baya. Kofur Duan, da bayansa a juye, ya gyara zaman hularsa. Iya kuwa ta washe baki tana gyaɗa kai, ta samu 'yar'uwa. Endale na tsaye da cokalin juya gahawa a hannu, kunya kamar ƙasa ta tsage, amma wani abu na motsi a ƙirjinsa. Rabonsa da a zage shi haka da harshen garinsu, har ya manta daɗinsa.

Tsohuwa ta yi ta yi, ta tono laifinsa na ranar da ya bar maraƙi ya shiga gonar maƙwabci, ta haɗa da na ubansa. Can sai ta tsaya. Lasifika ta yi shuu. Da ta sake magana, muryar ta sauko, amma lasifika ba ta san sirri ba, ta watsa shi har ƙetare.

"Kai, Endale. In kurwar ta taso, ina zan ce ta nufa? Ƙofata kaɗai ta sani."

Gahawa ta fara ƙonewa a kasko, bai juya ba. Ya dubi wayar, goshi da hanci da ido ɗaya suna jiran sa. Ya waiwaya ya dubi gari. Daga nan ana hango benen Iya, da ƙyallayen da ya shanya da safe, da Yukan a taga da ƙunshin zane a kafaɗa. Shekara da shekaru yana cewa an kusa, yau ga tambayar ta zo masa a gaban ƙasa biyu, kuma ba ta karɓar an kusa.

"Nan, Emaye," ya ce. "Ki ce ta zo nan."

Shiru. Har ya zaci layin ya yanke. Ya ji kukan zakaran gidansu daga can Habasha, ya ji wani yana daka. Ya so ya ƙara wata magana, ya ce zai zo ganin gida, zai kawo yarinyar, amma ta riga shi.

Sai muryar ta dawo, da ƙarfinta duka, sai dai ta ɗan dushe.

"To, ka ji! Kada ka kuskura ka zo mini nan, na rufe ƙofa, ba ni da abincin ba ka! Ka haye ruwan nan ka bi tsohuwar nan mai raga. Gidanka na can, 'yarka na can tana jira, kai kana zaune a taɓo kamar maraya. Wuce! Wuce, na ce, tun ina ganin ka!"

Iya ba ta jira fassara ba. Ta kai wa ciyawa wawura da homa, ta ƙudundune rigar, ta danne ta a ƙirji da hannu biyu kamar ta kama zakara, ta taho. Tsohuwar nan da ke cewa gwiwa ta hana ta zuwa rijiya, a guje ta haye gada, ko littafin ba ta nuna ba. Kofur ya ga wani tsuntsu mai ban sha'awa a sama. Jama'a suka dare mata, suka rufa mata baya har gida, Endale a tsakiya yana share fuska da gefen hannu, yana cewa hayaƙin gahawa ne.

Aka zaunar da shi a tsakar bene, aka zura masa rigar, da ciyawarta da taɓonta. Aka kawo faranti. Iya ta ɗauki ƙwai, ta hura masa iska, ta kafa, ta ɗauke hannunta a hankali. Mutum sama da talatin a ɗakin, ba mai numfashi. Ƙwai ya yi ɗan lilo, ya yi tunani, ya tsaya.

Ihu ya tashi, har katakon bene na rawa. Iya ta kamo wuyan hannunsa ta ɗaura farin zare, ta ƙulla, ta sake ƙullawa, ta ce wannan karon ko giwa ce ta lashe shi ba inda za ta. Tsofaffi suka biyo baya kowa da nasa zaren, har hannun ya koma kamar na mai karaya. Sannan Iya ta miƙe ta shiga ɗaki da kanta, ta fito da jaririyar, ta tsaya a gabansa. Ta sake leƙa idonsa.

"Sannu da zuwa," ta ce. Ta ɗora masa ita.

Ashe haka take, ba nauyi, ga ɗumi, ga ƙanshin hayaƙi da nono. Ta buɗe ido ɗaya ta dube shi, ta yamutsa fuska kamar mai shirin faɗa, sai kuma ta yi hamma ta kama zaren hannunsa. Farin ciki ya cika shi har ya ji tsoro.

Wani ya kwance wayar daga lasifika ya tura masa a hannun hagu, ashe ba ta yanke ba. Ya ɗaga ta sama yadda tsohuwa za ta gani, yarinya a dama, waya a hagu.

"Emaye, ga ta."

Askale ta ja wayar nesa da fuskarta, yau dai, har ya ga fuskar duka, da farin mayafinta, da bangon ɗakin da aka haife shi. Ta daɗe tana kallo. Leɓenta na motsi.

"Kunnuwan ubanka ne," in ji ta daga baya. "Allah sarki, yarinya, haka za ta yi ta fama da su." Ta ja hanci da bakin mayafi. Ta sake duban sa, shi da abin da ke hannunsa, sai ta haɗe rai. "Kai, haka ake riƙon jariri a garin naku? Dubi wuyanta! Kashe wayar nan."

"Emaye, bari mu ɗan ƙara..."

"Kashe, na ce. Da hannu biyu ake riƙe ɗa."

Ya kashe.